Yadda ake ba da kwangilar kankare a ƙasar da ruwa ke daskarewa

A watan Afrilu, da dusar ƙanƙara ta narke, na fito na tarar kankaren da aka zuba mini a ƙofar gida ya soma saɓa kamar maciji. In ka sa tsintsiya sai ka kwashe ɓawon siminti cikin tafin hannu, tsakuwa ta fito tsirara. Wata bakwai ke nan da gama aikin. Na kira ɗan kwangilar, bai ko sauko daga mota ba ya ce, "Gishiri ka zuba." Ban zuba ba, amma ba ni da wata takarda da zan kafa masa hujja da ita. A nan Minesota da sauran jihohin arewacin Amurka da Kanada wannan rigima ba baƙuwa ba ce, kuma kusan kullum tun kafin a kwaɓa siminti ake cin ta ko a faɗi.

Sai ka fara sanin abokin gabar. Kankare yana shan ruwa ko da ido bai gani ba, ruwa kuwa in ya daskare yakan ƙaru da kusan kashi 9 cikin ɗari. Ya daskare da dare, ya narke da rana, ya sake daskarewa, a kowane zagaye yana tura simintin daga ciki har fatar sama ta ɓare. Maganin da aka gano tun shekarun 1930 shi ne a zuba wani sinadari a cikin kwaɓin, ya haifar da ƙananan kumfan iska bila adadin, domin ruwa ya sami inda zai shiga in ya kumbura. Kankaren waje a ƙasar sanyi yana buƙatar iska kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari. Mu da muka taso inda rana ce ke fasa daɓe, wannan magana ba ta cikin lissafinmu, shi ya sa ake saurin cutar mu.

Wajen zaɓen mai aiki, kada hoton sabon aiki ya ruɗe ka, kowane kankare kyakkyawa ne a makonsa na farko. Ka ce ya ba ka adireshin aikin da ya yi shekara uku ko huɗu da suka wuce, ka je da ƙafarka ka duba, in da hali ka gaisa da mai gidan. Ka nemi farashi daga mutum uku, ka ga takardar inshorarsa, ka tambayi hukumar garinku ko aikin yana buƙatar lasisi ko izini. Wanda ya ƙwanƙwasa maka ƙofa yana cewa kaya sun rage masa daga wani aiki, ka sallame shi cikin mutunci. Araha ba ta ado.

Sai takarda, nan ne ni na yi sake. Tun ran gini ran zane. A rubuta ƙarfin kankaren da lamba: kada ya gaza PSI 4,000, a Kanada kuma za ka ga ana rubuta MPa 32. A rubuta adadin iska. A rubuta kauri, inci 4 ne mafi ƙaranci ga hanyar ƙaramar mota, da irin tsakuwar da za a shimfiɗa a danne a ƙarƙashi, da gangaren da zai kai ruwa nesa da bangon gida. A rubuta yadda za a yi jinyarsa bayan zubawa. Sannan garanti, ka karanta shi kalma bayan kalma, domin da yawa suna cire ɓarewar sama da tsagewa daga ciki, wato ainihin abin da hunturu ke haddasawa. Kada kuma ka jingina da cewa doka za ta rufa maka asiri, dokar garantin sababbin gidaje ta Minesota ma ba ta haɗa da hanyar mota ba. Kuɗi kuwa, ka ba da kafin alƙalami kaɗan, ka riƙe cikon sai an gama. Ranar biyan ciko ka karɓi shaidar cewa an biya kamfanin da ya kawo kankaren, don a jihohi da yawa wanda ba a biya ba yana iya ɗora bashin a kan gidanka, ko da kai ka sallami ɗan kwangila.

Lokaci ma yana cikin ciniki. Kankare yana son kamar kwana 30 yana shan iska bayan jinya, kafin sanyin farko ya same shi. Nawa a watan Satumba aka zuba, da na sani da na matsa a yi a Yuni. In ya zama dole a yi aiki sanyi ya sauko ƙasa da digiri 5 a ma'aunin Celsius, to sai da barguna na musamman da ake lulluɓe shi da su, kuma ba a zubawa a kan ƙasar da ta daskare. Kafin a fara haƙa, a Amurka ana kiran lamba 811 a zo a nuna inda bututun gas da wayoyi suke.

Ranar zubawa ka ɗauki hutu daga aiki, ka tsaya a wurin. Direban motar kwaɓi yana zuwa da takardar kaya mai ɗauke da irin kwaɓin da lokacin da aka loda shi. Ka ɗauki hotonta, ka duba ko ta yi daidai da abin da kuka rubuta. Daga nan sai ka sa ido a kan ruwa. Kwaɓi mai kauri yana da wuyar ja, ma'aikata sun gaji, sai ka ji an ce wa direba ya ƙara ruwa. Duk wanda ya taɓa tsayawa kan gini a gida ya san wannan hali na birkila da leburansa, sai dai a nan hunturu ba ya yafewa. Ruwan da aka ƙara yana rage ƙarfi, yana kuma buɗe ƙofofin da sanyi zai bi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na ga laifin da idona ban gane shi ba. Bayan an baje kankare, wani ruwa yakan taso sama yana ƙyalli. Ƙa'ida ita ce a jira ya ƙafe kafin a shafe. Ni kuwa ina tsaye da kofin shayi, wani saurayi yana tsoma buroshi a bokiti yana yayyafa ruwa, ɗan'uwansa yana bi da cokalin ƙarfe yana gogewa har wurin ya yi sheƙi. Na yaba musu ma. Ashe a lokacin suke mayar da ruwa cikin fatar sama, suna kuma matse kumfan iskar da na biya kuɗinsa. Kankaren waje ba ya son santsi, da tsintsiya ake gama shi, a bar masa kaushi. Kafin a kwana kuma a yanka masa layuka, zurfinsu rubu'in kaurinsa, tazarar ƙafa 8 zuwa 12, domin in zai tsage ya tsage a cikin layin.

Jinya kwana 7 ce, ko a rufe shi yana jiƙe ko a fesa masa maganin riƙe danshi. Kada mota ta hau kafin mako ya cika, cikakken ƙarfinsa kuma a kwana 28 ake auna shi. Bayan wata guda a shafa masa maganin hana shan ruwa. Daga nan nauyin ya dawo kanka: hunturun farko ko ƙwayar gishiri kada ta taɓa shi, yashi za ka watsa don santsi. Takin zamani mai amoniya ya fi gishiri ɓarna. Motarka ma tana kwaso gishirin titi ta ɗiga shi inda take kwana, don haka ka riƙa share wurin.

In duk da haka ya ɓare, kada ka fara da faɗa. Ka ɗauki hotuna masu kwanan wata, ka lura da inda ɓarnar take. Ɗan siririn tsagi abu ne da kowane kankare ke yi, da wuya ka ci ƙara a kansa. 'Yan ramuka kamar gurbin kwabo nan da can galibi daga tsakuwa mai shan ruwa ne. In ɓarewar ta tsaya a ƙarƙashin mota, zancen gishiri yana da ƙarfi. In kuwa ta kai har lungun da mota ba ta taɓa zuwa ba, yatsa ya koma kan kwaɓi ko shafa. Ka rubuta wa ɗan kwangila wasiƙa, ka ba shi wa'adin zuwa, ka nemi kamfanin kankaren ya turo wakili su tsaya tare. In an ƙi jituwa, ana iya huda a ciro gunduwa a kai ɗakin gwaji, a duba iska da ruwan da ke ciki da madubin ƙara girma. Gwajin yana da tsada, ka gwada shi da kuɗin gyaran tukuna. Kotun ƙananan ƙararraki ba ta buƙatar lauya, sai dai kowace jiha da iyakar kuɗin da take saurare.

Ni dai rabin kuɗin gyara na samu, shi ma da roƙo. Ɗan'uwa, in ka sayi gida a ƙasar nan, kada ka yarda motar kwaɓi ta tsaya a ƙofarka sai takardar kwangilar tana hannunka da sa hannun ɗan kwangila a kai.