Takwarorin Umaru: yadda suna ɗaya ya ratsa zamunna da harsuna

Nazarin sunaye reshe ne na kimiyyar harshe da ke haɗa tsarin sauti da tarihi. Sunan Umaru ya isa misali.

Asalinsa Larabci ne, kuma da harafin ainu yake farawa. Hausa ba ta da wannan sauti na maƙogwaro, don haka ta maye gurbinsa da hamza, wadda ƙa'idar rubutun boko ba ta nunawa a farkon kalma. Wasalin "u" na ƙarshe kuwa alamar rufu'a ce a nahawun Larabci. Bahaushe ya riƙe ta ya mai da ita jikin suna, domin harshensa ya fi son kalma ta ƙare da wasali, kamar yadda ya faru ga Muhammadu da Aliyu. Sannan ya raɗa wa sunan laƙabin Sanda.

Wanda ya sa sunan ya bazu a duniyar Musulmi shi ne Umar ɗan Haɗɗabi, halifa na biyu, wanda ya shugabanci al'umma daga 634 zuwa 644. A zamaninsa aka kafa lissafin shekarar Hijira. Ƙarni huɗu bayansa aka haifi Umar Hayyam a Naishabur ta Farisa, a 1048. Masanin aljabara ne da taurari, kuma yana cikin waɗanda suka tsara kalandar rana ta Jalali a 1079, ko da yake yau an fi tunawa da shi a matsayin mawaƙi. A Libiya an yi Umar Muktar, malamin ɗarikar Sanusiyya da ya yaƙi Italiyawa shekara ashirin, har suka rataye shi a 1931.

A ƙasar Hausa, Umaru Dallaji ne mai tutar jihadi da ya karɓe Katsina a farkon ƙarni na 19, abin da ya kai ga kafuwar sarautar Katsinawa a Maraɗi. A Nijar ta zamani akwai Umaru Ganda, haifaffen Yamai a 1935, tsohon sojan yaƙin Indocin wanda ya koma shirya finafinai. Fim ɗinsa Le Wazzou polygame ne ya fara cin babbar lambar bikin FESPACO a Wagadugu, a 1972. Ya rasu a 1981, kuma wata cibiyar al'adu a Yamai tana ɗauke da sunansa.

Inda ɗalibi ya kamata ya fi yin hattara shi ne batun malamai biyu da littattafai ke kira Alhaji Umar. Na farko Umar Tal ne, mutumin Futa Toro, jagoran Tijjaniyya, wanda ya zauna Sakkwato a zamanin Muhammadu Bello, ya yi jihadi a yankin Segu da Masina, ya rasu a 1864. Na biyu Imam Umaru ne, haifaffen Kano wajen 1858, wanda ya zauna Salaga, ya rasu a Kete-Krachi ta Gana a 1934. Shi ne ya bar waƙoƙi da zube masu yawa cikin ajamin Hausa, waɗanda Bajamushe Adam Mischlich ya tattara wasunsu. Duk wanda ya jingina waƙar ɗaya ga ɗayan ya gurɓata tarihin adabin Hausa.

Rubutu ma yana ƙara ruɗani: Oumarou a takardun Faransanci, Umar ko Omar a na Ingilishi, Ömer a Turkanci. Don haka mai bincike a ma'adanar littattafai ya gwada dukan waɗannan siffofi, kuma kada ya ambaci wani Umaru a kundinsa sai tare da sunan mahaifi ko garin asali, da shekarar rasuwa.