Haɗuwar Jini da Ginin Tauraro a Wasan Kwaikwayon Talabijin: Misalai daga Koriya da Sin

Gabatarwa

A darasin da ya gabata an yi bayanin jigo da zubi da tsari a wasan kwaikwayo. Wannan darasi zai duƙufa ne a kan taurari, musamman taurari biyu da aka ɗora wa soyayya, domin a gano abin da ke sa mai kallo ya gaskata cewa lallai waɗannan mutane suna son juna. An ɗauko misalai daga wasannin talabijin masu dogon zango na ƙasar Koriya ta Kudu da ƙasar Sin, saboda ba baƙi ba ne ga matasan ƙasar Hausa. Tun zamanin faifan DVD ake samun su a shagunan haya da kasuwanni, daga baya kuma suka koma cikin wayoyin hannu. Ɗalibin da ya taso a Ƙauran Namoda ko Zurmi, ko mai cin kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, ya san shagon masu tura fim a waya, inda ake loda wa mutum shiri sukutum, wani da fassarar Hausa, wani da rubutun Turanci a ƙasan hoto. Abin da ya rage wa ɗalibi shi ne ya tashi daga matsayin mai kallo ya koma matsayin mai nazari.

Ma'anar haɗuwar jini

Idan Bahaushe ya ce jinin wane da wance ya haɗu, yana nufin akwai wata jituwa a tsakaninsu wadda ba sai an faɗa ba, ana ganin ta. A fagen wasan kwaikwayo, haɗuwar jini ita ce gamsuwar da mai kallo yake samu cewa taurari biyu sun dace da juna, har ya riƙa zullumin abin da zai raba su. Masu kallo da yawa suna ɗauka cewa wannan baiwa ce ta 'yan wasa kawai, ko kuwa sa'ar haɗa kyakkyawan saurayi da kyakkyawar budurwa. Wannan fahimta ba ta cika ba. Gaskiya ne ƙwarewar ɗan wasa tana da rawar takawa, amma mafi yawan aikin marubuci ne yake yin sa tun a kan takarda, ta hanyar ba kowane tauraro wani gurbi a halinsa wanda ɗayan ne kaɗai zai iya cikewa, da kuma jinkirta saduwarsu har sai sun cancanci juna.

A nan ne batun ya haɗu da ginin tauraro. Marubucin nan na Ingila, E. M. Forster, a littafinsa Aspects of the Novel na 1927, ya kasa taurari gida biyu. Akwai miƙaƙƙen tauraro, wanda halinsa ɗaya ne daga farkon labari zuwa ƙarshe, akwai kuma tauraro mai yanayi, wanda al'amura suke sauya shi, har ya aikata abin da mai karatu bai zata ba amma kuma bai ƙaryata ba. Soyayyar miƙaƙƙun taurari biyu ba ta da inda za ta je, sai dai a yi ta jefo mata cikas daga waje: yau uba ya ƙi, gobe kishiya ta yi asiri, jibi mota ta kaɗe wani. Ta masu yanayi kuwa tana tafiya ne tare da sauyin da ke faruwa a cikin zukatansu.

Jang-geum da Min Jeong-ho

Misali mafi dacewa shi ne shirin Dae Jang Geum, wanda aka fi sani da Jewel in the Palace. Tashar MBC ta Koriya ta Kudu ce ta nuna shi daga 2003 zuwa 2004 a kashi 54. Labarin wata marainiya ce, Jang-geum, wadda Lee Young-ae ta fito a matsayinta, da ta shiga madafar fadar Sarki Jungjong na daular Joseon, wanda ya yi mulki daga 1506 zuwa 1544. Makirci ya sa aka kore ta zuwa tsibirin Jeju a matsayin baiwa, uwargijiyarta Han, wadda ta koya mata girki, ta mutu a kan hanya. A can ta koyi aikin magani, ta dawo fada, daga ƙarshe ta zama likitar sarki.

Abin lura shi ne soyayya ba ita ce babban jigon wannan shiri ba, amma duk da haka tana cikin abubuwan da suka fi zama a zukatan masu kallo. Jang-geum ta fara cin karo da Min Jeong-ho ne yana kwance cikin rauni, ta yi masa magani ba tare da ya san ko wace ce ba, ta kuma yar da wani ɗan abin ado da ta gada, shi kuwa ya adana shi. Daga baya alaƙarsu ta ginu a kan aron littattafai. Mace ce ta fada, doka ta haramta ta ga kowane namiji in ban da sarki, shi kuma ma'aikacin gwamnati ne daga gidan daraja. Saboda haka ana cinye kashi da yawa ba su yi abin da ya wuce tsayawa nesa da juna, da sunkuyar da kai, da magana cikin ladabi ba. To, daga ina mai kallo yake gane so? Daga aiki. Lokacin da aka kore ta, ya bar muƙaminsa ya bi ta Jeju. Lokacin da aka yi niyyar ɗaukaka ta a fada, malamai da fadawa suka tayar da ƙura, shi ne ya tsaya mata duk da ya san hakan zai jawo a kore shi, aka kuwa kore shi. Kowane mataki na son nan yana da farashi, kuma mai kallo yana ganin wanda ya biya.

Ita ma Jang-geum ba a bar ta yadda take ba. Ta fara a matsayin yarinya mai karambani da son sani, ta koma mai neman fansa, har ma ta shiga koyon magani da nufin ramuwa. Sai da malamanta suka nuna mata cewa hannun da ke warkarwa ba ya ɗaukar fansa, kuma likita mai jin kansa haɗari ne ga majinyaci. Macen da Min ya aura a ƙarshe ba ita ce yarinyar da ya ara wa littafi ba, kuma yana cikin waɗanda suka taimaka ta zama abin da ta zama.

Jumong

Shirin Jumong, wanda MBC ta nuna daga 2006 zuwa 2007 a kashi 81, ya fi karkata ga yaƙi da kafa daula, kuma wannan ne ya sa samari suka fi riƙe shi. Jumong ya fara a matsayin ragon ɗan sarki, matsoraci, mai bin 'yan mata. Soseono, 'yar wani babban falke, ita ta tsamo shi daga cikin laka a haɗuwarsu ta farko, ba ta kuma ga abin girmamawa a tare da shi ba. Girmamawar ta zo ne sannu a hankali, gwargwadon yadda yake sauyawa. Da aka zaci ya mutu ta auri wani, shi ma ya auri wata. Ko da suka yi aure daga baya, bayan sun haɗa ƙarfi sun kafa daular Goguryeo, zaman bai ɗore ba, domin ta kwashe 'ya'yanta ta yi kudu don kada rikicin gadon sarauta ya rusa abin da suka gina. Wannan ya nuna cewa haɗuwar jini ba ta buƙatar labari ya ƙare da biki.

Zhen Huan da sauyin hali zuwa duhu

Ginin tauraro ba dole ne ya kasance daga mugun hali zuwa nagari ba. Shirin ƙasar Sin mai suna Empresses in the Palace, na 2011, mai kashi 76, ya bi rayuwar Zhen Huan, wadda Sun Li ta fito a matsayinta, tun daga shigarta cikin matan Sarki Yongzheng na daular Qing. Ta shiga tana mai tsarkin zuciya, ta so sarki da gaske, sai ta gano cewa yana son ta ne don ta yi kama da matarsa da ta rasu. Ta bar fada ta koma gidan ibada, inda soyayya ta ƙullu tsakaninta da ƙanen sarki. Da labari ya zo mata cewa ya mutu, ga shi kuma tana ɗauke da cikinsa, sai ta shirya dabarar komawa fada. Daga nan mai kallo zai ga wata mace dabam: muryarta ta yi sanyi, kwalliyarta ta yi nauyi, ta iya sakin murmushi ga wadda take shirin kayarwa. Ƙarshen soyayyar shi ne sarki ya umurce ta ta shayar da ƙanen nasa guba, shi kuwa ya musanya kofunan da saninsa ya sha. Ta kai ƙololuwar mulki a matsayin uwar sarki, amma ba ta da kowa.

Mai karatun Hausa ba zai rasa tuna Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East ba, inda rasa Zainab ya mayar da Abubakar mai neman fansa. Haka kuma kishin matan fada ba baƙon jigo ba ne ga wanda ya san labaran kishiyoyi. Bambancin shi ne, a yawancin finafinan Hausa muguwar kishiya muguwa ce tun fitowarta ta farko, ba a nuna abin da ya mayar da ita haka. A shirin Zhen Huan kuwa, hatta abokan gabarta an ba su dalili, har mai kallo ya tausaya musu a lokacin faɗuwarsu.

Waiwaye ga wasan Hausa

Fim ɗin Hausa na bidiyo, tun daga Turmin Danya na 1990, ya tashi ne cikin al'ummar da ta daɗe tana kallon finafinan Indiya, kamar yadda Brian Larkin ya nuna a nazarinsa na 1997 a kan Kano. Bayan karɓuwar Sangaya a 1999, waƙa da rawa suka zama babbar hanyar nuna so. Ana cikin haka jihar Zamfara ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a watan Oktoba na 1999, Kano kuma ta kafa hukumar tace finafinai a 2001. Ɗan wasan Hausa ba ya taɓa jikin abokiyar wasansa, kuma wasu masu shirya fim sukan kawo wannan a matsayin uzurin rashin armashin soyayyarsu.

Uzurin ba shi da ƙarfi. Misalan da aka kawo daga fadar Joseon sun nuna cewa hani shi kansa kayan aiki ne. Al'adar Bahaushe cike take da irin wannan kaya: kunya, da kara, da kawaici, da alkunyar sakaya sunan miji, da zaman zance a ƙofar gida inda ake aika ƙaramin yaro ya yi sallama da yarinya, ta fito da tabarma tana rufe fuska da gyale, da toshi, da gaisuwar surukai. Budurwar da ta amsa tambaya da shiru tana wasa da yatsunta ta faɗi abin da waƙa mai minti biyar ba za ta faɗa ba. Matsalar ita ce gaggawa. Sau da yawa saurayi yakan ga budurwa a fitowa ta farko, ya furta so a ta biyu, a ta uku a tafi lambu a yi waƙa, alhali mai kallo bai san halin kowannensu ba, balle ya ga abin da ya haɗa su.

Zuwan shirye-shirye masu dogon zango ya buɗe wata ƙofa, domin sun ba marubuci lokacin da fim mai awa biyu ba ya bayarwa. Tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ta kawo Daɗin Kowa, sannan a 2020 Aminu Saira ya fito da Labarina, inda masu kallo suka rabu gida-gida a kan wanda ya fi cancantar Sumayya cikin masu neman ta. Wannan gardama alama ce ta cewa an gina taurarin har sun zama kamar mutanen unguwa. Lokacin da Nafisa Abdullahi ta bar shirin a 2022 aka sa Fati Washa a gurbinta, an sami abin nazari mai kyau: suna ɗaya, labari ɗaya, amma fuska da murya sun sauya. Ɗalibi zai iya auna da kansa kason haɗuwar jinin da yake cikin rubutu, da kason da ya tafi tare da 'yar wasa. Sai dai dogon zango yana da nasa tarkon, wato jan labari don kawai a ƙara kashi, har tauraro ya riƙa sauya hali ba dalili. Sauyin da ba a shimfiɗa masa hanya ba ba gini ba ne, rushewa ce, kuma shirye-shiryen Koriya da Sin ma ba su tsira daga wannan aibi ba, musamman masu dogaro da mantuwa bayan haɗarin mota ko gano cewa masoya 'yan uwan juna ne.

Akwai kuma fagen da har yanzu yake jiran marubuta, wato wasan tarihi. Abin da Jumong ya yi da tarihin Goguryeo ana iya yin irinsa da zamanin Namoda da Alibawan Zurmi a farkon ƙarni na 19, ko da rayuwar fatake a kan hanyoyin da suka ratsa Shinkafi, inda tafiya ɗaya takan raba mai neman aure da wadda yake nema na tsawon shekara.

Jinga

Ɗalibi ya zaɓi shiri ɗaya mai dogon zango, na Hausa ko na waje, ya ware fitowa uku da taurari biyu masu soyayya suka haɗu a cikinsu: ɗaya daga farko, ɗaya daga tsakiya, ɗaya daga ƙarshe. Ya bayyana abin da ya sauya a halin kowannensu, da abin da ya jawo sauyin. Bayan haka ya rubuta fitowa ɗaya ta kansa, wadda ba ta wuce shafi biyu ba, ta zance a ƙofar wani gida a garinsu, inda mai karatu zai gane cewa akwai so ba tare da an ambaci kalmar ko sau ɗaya ba.