Amsoshin Tambayoyinku: Shafa Launi a Hoton Gizo

Wata malama daga Funtuwa tana tambaya ko shafa launi a hotunan tatsuniya yana da fa'ida ga ƙananan yara.

Malama, haƙiƙa yana da fa'ida, domin yaro ɗan shekara 3 zuwa 5, in ya kama fensirin launi da babban yatsa da manuniya da na tsakiya, yana taka-tsantsan kada launi ya ƙetare jikin Gizo ko Ƙoƙi, to yatsun nan uku yake horarwa, yatsun da za su riƙe alƙalami bisa allo gobe. Ki ba shi gajeren fensiri mai kauri, kina ba shi tatsuniyar yana shafawa, in ya ƙetare layi kuma kada ki tsawata masa.