Darasin Ƙwari: Ƙuda Ɗan Fashi Da Sunan Danginsa

Ku sani cewa ba kowane ƙuda ne ke bin ƙazanta da ragowar abinci ba. Akwai wani mai dogon jiki da ƙafafu masu ƙaya, za ku gan shi zaune bisa kara ko dutse da tsakar rana, shiru kamar mai gyangyaɗi. Kwanton ɓauna yake yi. Da fara ko rina ko ƙudan zuma ya gitta, sai ya zabura ya cafke shi a iska. Wannan hali ne ya sa Turawa suka yi masa laƙabi da ɗan fashi.

Sunan danginsa a wurin masana shi ne Asilidae. Wani Bafaranshe, Latreille, ya sa shi a 1802, daga Asilus, sunan jinsin da Linnaeus ya rubuta a 1758. A Latin, asilus ƙuda ne mai cizon shanu, irin bobuwa, alhali wannan bai damu da jinin dabba ba. Ita kuwa "idae" da ke ƙarshe tana nuna dangi ne, kamar yadda Larabawa ke cewa Banu wane. Nau'o'in dangin nan sun haura 7,000.

To, a nan ɗalibi kan ruɗe a jarrabawa. Ƙuda na haƙiƙa fukafukai 2 gare shi, shi ya sa ake kiran rukuninsu Diptera, kuma sauro da ƙudan tsando duk suna ciki. Ƙudan zuma kuwa, ko da mu Hausawa mun ce masa ƙuda, fukafukansa 4 ne, ba ya cikinsu.

Yaya yake cin abin da ya kama? Yakan soka masa baki mai tsini, ya zuba miyau mai dafi wanda ke sandarar da shi, ya kuma narkar da kayan cikinsa. Sannan ya tsotse, ya yar da ƙwanso. Gashi mai kauri da ke fuskarsa, kamar gashin baki, ana ganin shi ke kare masa kai yayin kokawar.

Tsutsarsa cikin ƙasa ko ruɓaɓɓen ice take, tana cin tsutsotsin wasu ƙwari. Masu kiwon zuma kan yi kuka da shi, amma yana rage wa manomi fara. Ba ya bin mutum, sai dai kada yaro ya damƙe shi da hannu, don cizonsa da zafi ƙwarai.