Lissafin Komawa Baya

Akwai wata irin tambayar lissafi da take kayar da ɗalibai da yawa a jarrabawa, har da masu ƙwazo a cikinku. Ita ce wadda za a faɗa maka abin da ya rage, a ce ka nemo abin da aka fara da shi. Ga misali:

Wata mata ta kai ƙwai kasuwa. Da safe ta sayar da sulusi (1/3). Da rana ta sayar da rubu'in (1/4) abin da ya rage. Da yamma ta sayar da rabin saura, ta koma gida da ƙwai 15. Ƙwai nawa ta kai kasuwa?

Mai gaggawa zai tara 1/3 da 1/4 da 1/2, ya sami 13/12. Wato matar ta sayar da fiye da abin da ta kawo, ga kuma 15 a kwando! Kuskuren yana wurin kalmomin nan "abin da ya rage". Rubu'in ba na dukan ƙwan ba ne, na saura ne.

To, mu fara daga ƙarshe, kamar mai bin sawun akuyar da ta ɓace. Bayan ta sayar da rabi, 15 suka rage. Ashe kafin yamma tana da 30.

Yanzu sai a natsu, don nan ne ake yawan zamewa. Kada ka tambayi abin da ta sayar, tambayi abin da ya rage. Idan an cire kashi 1 cikin 4, kashi 3 ne suka rage. Ƙwan nan 30 su ne kashi ukun. Kashi ɗaya 10 ke nan, kashi huɗu kuwa 40. Wasu sukan ɗauki rubu'in 30 su ƙara a kan 30, su sami 37 da rabi. Ban taɓa ganin mai sayen rabin ɗanyen ƙwai ba.

Haka kuma 40 su ne kashi 2 cikin 3. Kashi ɗaya 20, duka 60.

Kada ka ajiye biro tukuna. Bi amsar daga farko: 60 a cire 20 saura 40, a cire 10 saura 30, a cire 15 saura 15. Ta yi daidai. Wannan gwajin bai kai minti ɗaya ba, amma yakan ceci maki.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Bhaskara, masanin lissafi na ƙasar Indiya, ya bayyana ta a littafinsa Lilavati wajen shekarar 1150: a bi matakan daga baya, inda aka tara a ɗebe, inda aka raba a ninka. Sai dai a karanta tambaya da kyau. In an ce sulusin duka da rubu'in duka, tarawa ce daidai, ba sai an koma baya ba.

Ga aikin hutu. Wani manomi ya girbe dawa. Ya biya bashin taki da 1/5, ya sayar da 1/4 na saura don kuɗin makaranta, ya ba ƙanensa buhu 3, buhu 21 suka rage a rumbu. Buhu nawa ya girbe? A fara mayar da buhu ukun nan kafin a taɓa sauran.