Yadda Kano da Katsina Suka Yi Sulhu

Gubuchi gari ne a arewacin ƙasar Zazzau, cikin yankin Makarfi. Daga nan iyakar Kano ba ta da nisa. In kuma aka bi ta Kudan, ba a daɗewa za a taka ƙasar Katsina. Yau Bakano da Bakatsine sukan haɗu a kasuwannin wannan yanki, su yi ciniki, su rabu lafiya. Amma a zamanin da, kakanninsu sun yi shekara fiye da 150 suna gaba da juna.

Abin da ya haɗa su faɗa shi ne dukiya da mulki. Fatake suna ƙetaro hamada da raƙuma, ɗauke da gishiri da dawaki da tufafi. Kowane sarki yana so ayari ya sauka a birninsa, don a nan ake samun kuɗin fito. Kowanne kuma yana so garuruwan da ke tsakaninsu su riƙa kai masa gaisuwa.

Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna an yi yaƙi da Katsina tun zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Aka shekara 11 ana gwabzawa, ba wanda ya rinjayi wani. Bayan Rumfa ma wutar ba ta mutu ba. Wata shekara Katsinawa su zo har bakin ganuwar Kano, wata shekara Kanawa su je su kewaye Katsina.

Talakawa su suka fi shan wuya. In rundunar yaƙi ta wuce, sai ta bar gonaki a tattake, rumbuna a ƙone. A kore shanu, a kama mutane bayi. Manomi ya gudu cikin birni, gonarsa ta koma saura. A zamanin Muhammadu Zaki aka yi doguwar yunwa a Kano. Cikin wannan zamani kuma Kwararrafa suka taso daga kudu, daga wajen kogin Binuwai, suka auka wa ƙasar. Da ma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Sarkin Kano Kutumbi jarumi ne ƙwarai. Ya tafi Katsina da yaƙi, ya yi wata tara a bakin birnin, bai ci shi ba. Da ya sake komawa sai Katsinawa suka fatattaki rundunarsa, wannan yaƙi ya zama ajalinsa a 1648. Nan fa mutane suka gane ba mai iya cinye wani, sai dai a yi ta asarar rayuka.

Ba da daɗewa ba Shekarau ya hau gadon Kano, a 1649. A zamaninsa malamai suka shiga tsakani, cikinsu akwai Shehu Ataman da Malam Bawa. Malaman nan ba su da doki ko mashi, amma duka sarakunan biyu suna ganin girmansu. Suka daidaita su, aka ƙulla amana. Shehu Ataman ya gargaɗe su cewa duk wanda ya fara ta da fitina ba zai yi nasara ba.

Sulhu bai warkar da ƙasa nan take ba, gama yaƙi ya riga ya raunana ta. Kwararrafa suka sake dawowa wajen 1653, suka kuma dawo wajen 1671, har suka shiga birnin Kano. Ɓarnar shekara ɗari ba ta gyaruwa a damina ɗaya. Duk da haka amanar ta daɗe. Hanyoyi suka buɗe, fatake suka sami sakewa. Katsina ta bunƙasa da ciniki da ilimi, ta yi suna da malamai irin su Ɗan Marina da Ɗan Masani. Kano kuwa ta ci gaba da saƙa da rini da jima, kayanta suna kaiwa ƙasashe masu nisa.

Abu uku suka riƙe wannan sulhu. Na farko, kowane ɓangare ya ɗanɗana wuyar yaƙi, ya ƙoshi. Na biyu, an sami masu shiga tsakani waɗanda kowa ya yarda da gaskiyarsu. Na uku, kowa ya ga riba a zaman lafiya, don kasuwa ba ta ci in hanya ba lafiya. Har gobe, in unguwa biyu ko ƙasa biyu suka yi rikici, da wuya sulhunsu ya ɗore in babu waɗannan. Shi ya sa Hausawa ke cewa zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.

Tambayoyi
1. Mene ne ya haɗa Kano da Katsina faɗa?
2. Wace irin wuya talakawa suka sha?
3. Su wane ne suka shiga tsakani, kuma don me aka saurare su?
4. Faɗi abu uku da suka riƙe sulhun.