WANE NE FIR'AUNA?

A makarantar Lahadi yara sukan yi wata tambaya wadda takan sa malami ya sosa ƙeya. Sukan ce, Ibrahim ya sadu da Fir'auna, Yusufu ya tsaya gaban Fir'auna, Musa kuma ya ja da Fir'auna; to, shekara nawa ke nan mutumin ya yi a duniya? Tambayar tana da kyau, ba yara kaɗai ke bukatar amsarta ba. Mu manya ma mukan karanta labarin Masar kamar tatsuniya, ba mu san ƙasar ba, ba mu san abin da mutanenta suka gaskata ba. Wanda kuwa bai san girman Fir'auna a idon Masarawa ba, ba zai gane nauyin da Musa ya ɗauka ran da ya shiga fada ba.

Fir'auna dai ba sunan yanka ba ne, sarauta ce. A bakin Masarawan dā ma'anar kalmar ita ce babban gida. Yadda mukan ce fada ta yi kira, alhali sarki muke nufi, haka su ma suka riƙa kiran sarki da sunan gidansa. Wajen shekara 3100 kafin haihuwar Almasihu aka haɗa Masar ta kudu da ta arewa ƙarƙashin sarki ɗaya, sarautar kuma ba ta ƙare ba sai da sarauniya Kiliyobatara ta mutu a shekara ta 30 kafin haihuwar Almasihu, Romawa suka karɓe ƙasar. Wani firist Bamasare mai suna Maneto ya kasa sarakunan gida 30, da lissafinsa kuma masana suke aiki har yanzu. Fir'aunan Yusufu dabam, na Musa dabam.

Kada mu yi maganar sarki ba mu yi ta kogi ba, gama ba don Nilu ba da babu Masar. Ruwan sama ba ya sauka can yadda za a yi noma da shi. Damina takan faɗi nesa, a duwatsun Habasha, ruwan ya gangaro, kogi ya cika ya malale gonaki, sa'ad da ya janye kuma ya bar baƙin laka mai albarka. Manomin fadama zai gane wannan nan da nan. Saboda lakan nan suka sa wa ƙasarsu suna Kemet, wato baƙar ƙasa, hamada kuwa suka ce mata jar ƙasa. Shekararsu kashi uku ce, lokacin cikar kogi, lokacin shuka, da lokacin girbi. Idan kogi ya kasa, yunwa ke nan. Idan ya yi yawa, ya ci garuruwa. Ma'aikatan sarki sukan auna tsawon ruwan, su tara hatsin haraji cikin rumbunan sarki, da gurasa da giya kuma ake biyan masu ƙodago. Ashe ba banza ba shanun da Fir'auna ya gani cikin mafarki daga kogi suka fito, masu ƙiba da ramammu duka. Ambaliyar nan ta daina tun da aka gama babbar madatsar Asuwan a 1970.

Yanzu ga zuciyar darasinmu. Masarawa ba su ɗauki sarki kamar sauran mutane ba. Sun ce shi ɗan Ra ne, allahn rana, shi ne kuma Horus, allah mai kan shaho, cikin jikin mutum. Babban aikinsa shi ne riƙon abin da suke kira ma'at, wato gaskiya da adalci da zaman kowane abu a wurinsa: rana ta fito, kogi ya cika a kan kari, abokan gaba su tsaya bayan iyaka. Don wannan ake miƙa hadayu kowace rana cikin haikalai da sunan sarki. To, a duba annoban da Littafin Fitowa ya ba da labari. Kogi ya ɓaci, dabbobi sun mutu, duhu ya rufe rana, ɗan farin sarki wanda zai gaji gadon Horus ya mutu. A wurin Bamasare wannan ya fi hasarar dukiya, gama ya nuna sarki ya kasa aikin da aka ce domin shi yake zaune. Waɗansu masu wa'azi sukan raba wa kowace annoba gunkinta, su ce kwaɗi na wance ne, ƙudaje na wane. Akwai allahiya mai kan kwaɗo, gaskiya ne, akwai kuma bijimin Afis da ake yi wa sujada a Memfis. Amma mu yi hankali, Littafi bai jera su haka ba, kada mu ƙara masa abin da bai faɗa ba.

Sarki ɗaya, Akenaten, ya yi ƙoƙarin kawar da sauran alloli wajen shekara 1350 kafin haihuwar Almasihu, ya ce Aten, wato ƙwallon rana, shi za a bauta wa. Bayan mutuwarsa aka watsar da sabon birninsa, aka koma gidan jiya a zamanin Tutankamun, yaron nan da aka gano kabarinsa a 1922.

Ba mu san wata al'umma da ta yi wa mutuwa tanadi kamar Masarawa ba. Sun gaskata ruhu yana bukatar jikinsa, don haka sukan cire kayan ciki, su rufe gawa da kanwa, irin wadda muka sani a kasuwa, har ta bushe, su naɗe ta da lilin. Dukan aikin yakan ci kwana 70. Mai karatu zai tuna da kwana 40 da kwana 70 na jana'izar Yakubu cikin Farawa sura 50. Zuciya kaɗai sukan bari a ciki, gama ita za a yi wa shari'a. A zanensu ana ɗora ta bisa ma'auni gaban Osiris, sarkin matattu, a ɗaya gefen kuma gashin jimina, alamar ma'at. Mataccen ya tsaya gaban alƙalai 42 yana musun laifi ɗaya ɗaya. Idan zuciya ta yi nauyi, ga wata dabba tana jira, kanta na kada, gabanta na zaki, bayanta na dorina. Abin da ya fi ba mu tausayi shi ne wata laya mai siffar buzuzu da sukan ɗora a ƙirjin gawa, da rubutu a jikinta ana roƙon zuciyar kada ta ba da shaida a kan mai ita. Sun san akwai hisabi, sun kuma san abin da zuciyarsu ta sani.

Akwai kuskure guda da ya kamata mu gyara. Ba Isra'ilawa suka gina dalar Giza ba. Babbar cikinsu, ta sarki Kufu, mai tsawo kusan ƙafa 480, an gina ta wajen shekara 2560 kafin haihuwar Almasihu, fiye da shekara 1000 kafin Musa. Da dutse aka yi ta, an kuma tono ƙauyen magina da kaburburansu kusa da ita. Aikin Isra'ilawa tubali ne na laka da kara, a biranen Fitom da Ramases.

Littafi Mai Tsarki bai faɗi sunan Fir'aunan Musa ba, amma ya faɗi na waɗansu daga baya. Shishak, wanda ya kwashe dukiyar Urushalima a zamanin Rehobowam, shi ne Sheshonk na Ɗaya, jerin garuruwan da ya ci yana nan sassaƙe a bangon haikalin Karnak. Neko ya kashe sarki Yosiya a Magiddo a 609. Tirhaka kuwa mutumin Kush ne, ƙasar da take cikin Sudan ta yau. Ya mallaki Masar daga 690 zuwa 664, dalarsa tana Nuri. A 1896 kuma Filindas Fetiri, Bature ɗan Ingila, ya tono wani dutse na sarki Marnefta, na wajen shekara 1208, inda sarkin yake fahariya ya hallaka Isra'ila. Wannan shi ne rubutu mafi tsufa a waje da Littafi wanda ya ambaci sunan nan a fili.

Masana da yawa suna ɗaukar uban Marnefta, Ramses na Biyu, wanda ya yi shekara 66 bisa gado, shi ne Fir'aunan bautar. Waɗansu suna kai Fitowa baya da haka. Gawar Ramses ɗin an same ta a 1881 cikin wani rami kusa da Tebes, inda firistoci suka ɓoye ta tare da na waɗansu sarakuna saboda ɓarayin kabari. A 1976 aka kai ta Faris a jirgin sama domin a yi maganin funfunar da take cinta. A watan Afrilu na 2021 kuma aka ɗauke ta tare da gawawwakin sarakuna da sarauniyoyi, su 22, zuwa sabon gidan kayan tarihi a Alkahira.